Allah Ya Ja Zamaninki, Gimbiyar Kwana 49

Akwai bashin da masu wasa manya suka ci, har yau ba su biya ba. Ranar 6 ga Satumba 2022 aka naɗa Liz Truss Firaministar Birtaniya, muka ce to, bari mu shanya fata, mu ɗaure kalangu, mu nemo kirarin da ya dace da mai wannan matsayi. Fata ba ta gama bushewa ba muka ji an ce ta sauka. Laifin namu ne. Wanda zai yi wa walƙiya kirari ba ya tsayawa gyaran murya. Yau dai ga ni, a makare, na zo biyan abin da ya sawwaƙa.

Ranki ya daɗe, 'yar Oxford, renon Leeds, uwar ɗakin Norfolk! Walƙiya, kafin a nuna ki kin wuce. Ruwan bazara mai yaye rufin ɗaki ya bar gona a bushe. Wake ɗan arba'in, ana shuka ki ana girbi. Guguwa mai shiga kasuwa ranar da ta cika. Mai jego ba ta daɗe da fita wanka ba kika gama mulkin ƙasa sukutum, kika karkaɗe zane, kika ce wani ya zo ya gwada. Allah ya ja zamaninki!

Sai an duba tarihi ake sanin girman wannan aiki. Shekara 195 wani George Canning yana riƙe da kambin gajeren mulki a Ingila, da kwana 119 da ya yi a 1827. Firaministoci sun zo sun wuce, ragwaye da jarumai, ba wanda ya iya karɓe masa. To shi Canning ma taimako ya samu, domin ajali ne ya sauke shi yana kan kujera. Gimbiya ba ta nemi taimakon kowa ba. Da ranta da lafiyarta, da ƙarfinta da basirarta, ta sare kambin nan ƙasa da rabi, ta tsayar da shi a kwana 49, ta kai shi inda na baya sai dai su ɗaga kai su duba. A cikin kwanakin nan ma, wajen goma ƙasa na zaman makokin Sarauniya, siyasa a rufe. Ke nan da ba a ɗaure mata hannu ba, Allah kaɗai ya san ranar da za ta kammala.

Irin wannan baiwa ba a wayi gari aka gan ta ba. Tun tana 'yar firamare, a 1983, aka shirya zaɓen wasa a makarantarsu ta fito a matsayin Firaministar lokacin, Margaret Thatcher, kuma da bakinta ta ba da labarin cewa ko ƙuri'a ɗaya ba ta samu ba. Ka ji yarinyar da tun ƙuruciya ta fahimci cewa yawan magoya baya ba shi ne gaskiya ba. Ta tashi a gidan da ake zuwa zanga-zangar ƙin makaman nukiliya, ana yi wa Thatcher ihu a titi. A jami'a ta shugabanci ɗaliban jam'iyyar Liberal Democrat, a 1994 kuma, tana da shekara 19, ta hau mumbarin babban taron jam'iyyar ta goyi bayan a soke sarauta a Ingila. Bayan shekara 2 ta koma jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, inda ake rantsuwa da Thatcher ana faɗuwa gaban Sarauniya. A ƙuri'ar raba gardama ta 2016 ta yi yaƙi a kan Birtaniya ta ci gaba da zama a Tarayyar Turai. Da masu son fita suka yi nasara, ba a samu wanda ya fi ta son fitar ba. Masu ƙaramar zuciya ra'ayi ɗaya suke riƙewa har su mutu da shi, kamar talaka da rigar sallarsa. Ita zuciyarta fada ce mai ɗakuna da yawa, kowane ra'ayi ya zo a ba shi masauki, in kwanansa ya ƙare a raka shi bakin ƙofa. Hawainiya ma da ake yabo, launi kawai take sauyawa, ba ta taɓa tsayawa ta yi jawabi mai zafi a kan kowane launi ba.

Sau biyu ta nemi kujerar majalisa aka ƙi ta, a 2001 da 2005, kafin mutanen South West Norfolk su gane abin da Allah ya kawo musu a 2010. Daga nan sai hawa. Ma'aikatar ilimi, ta muhalli da abinci, ta shari'a, baitulmali, cinikin ƙasa da ƙasa, harkokin waje: ba inda ta zauna har kujera ta yi ɗumi, ba kuma inda ta tashi ba ta bar abin tunawa ba. A 2014, duniya na fama da yaƙi a Siriya da cutar Ebola, ita kaɗai ta hango ainihin musibar da ke tunkarar Ingila. Ta tsaya gaban taron jam'iyya, fuska a murtuke, ta sanar cewa kashi biyu cikin uku na cukun da ake ci a ƙasar daga waje ake shigo da shi, ta ce wannan abin kunya ne. A jawabin dai ta yi wa jama'a albishir cewa za ta je birnin Beijing buɗe kasuwannin naman alade, ta saki murmushi, ta dakata a tafa. Wa ya taɓa ganin cuku ya samu mai kare mutuncinsa haka? A 2016 kuwa, tana ministar shari'a, mace ta farko da ta riƙe wannan tsohon muƙami, wata jarida ta buga hotunan manyan alƙalai uku ta kira su maƙiyan jama'a saboda hukuncin da suka yanke. Rantsuwar muƙaminta ta ɗora mata kare 'yancin alƙalai. Sai ta kare shi ta hanya mafi girma, ta yi gum, har sai da lauyoyin ƙasar suka yi ca, don kowa ya shaida alƙalan Ingila na cin gashin kansu, ko ministarsu ba ta tsoma baki a lamarinsu.

Harkokin waje ma haka. Ta hau tankar yaƙi a Estoniya aka ɗau hoto, kamar yadda Thatcher ta taɓa yi. Ta je Mosko a Fabrairun 2022 da ƙatuwar hular gashi, ta zauna da takwaranta na Rasha, Sergei Lavrov, jaridun Rasha suka ruwaito cewa da ya tambaye ta ko ta yarda Rostov da Voronezh na Rasha ne, ta ce Birtaniya ba za ta taɓa amincewa da haka ba, sai da jakadiyarta ta raɗa mata cewa yankunan nan cikin Rasha suke tun fil azal. Jarumta ke nan. Wasu suna gardama a kan ƙasar da aka mamaye, ita har wadda ba a mamaye ba ba ta sallama ba. Da aka tambaye ta ko shugaban Faransa, maƙwabcinsu na tsallaken ruwa kuma abokin ƙawancensu na soja, aboki ne ko abokin gaba, ta ce ba a yanke hukunci ba tukuna. Mai hankali ba ya gaggawa a irin wannan tambaya. Gaggawar ta ajiye ta don kasafin kuɗi.

Da Firaminista Boris Johnson ya faɗi a Yulin 2022 aka shiga neman magaji. 'Yan majalisar jam'iyyarta, waɗanda suka zauna da ita shekara da shekaru suka san ta ciki da bai, suka ba abokin takararta Rishi Sunak ƙuri'a 137, ita 113. Ba mamaki, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Sai aka kai magana gaban 'yan jam'iyya masu kati, waɗanda Allah ya tsare su daga saninta, suka ba ta 81,326, Sunak 60,399. A ƙasa mai mutum miliyan 67, waɗanda suka naɗa ta in aka tara su ba za su cika filin ƙwallo na Wembley ba. Zaɓaɓɓu ke nan, tatattu, ba tarkacen jama'a ba. An kuma shafe kusan wata biyu ana wannan tankaɗe da rairaya, wato neman kujerar ya fi zama a kanta tsawo, kamar tuwon biki da ake kwana ana tuƙawa a cinye kafin a gama gaisawa. A tsawon lokacin Sunak yana ta gargaɗi cewa rage haraji da kuɗin bashi tatsuniya ce, zai tayar da kuɗin ruwa ya firgita kasuwa. Hassada dai ba ta da magani. Abin da ya ƙara tabbatar da mugun nufinsa shi ne duk abin da ya faɗa sai da ya faru.

Ta je Balmoral ta karɓi mulki daga hannun Sarauniya Elizabeth, ita ce Firaminista ta 15 a zamanin Sarauniyar, kuma ta ƙarshe da ta naɗa. Bayan kwana biyu Sarauniya ta rasu. Yarinyar da ta nemi a soke sarauta sai ga ta ta yi wa masu sarauta biyu hidima cikin mako bakwai, abin da rabon a gani tun Churchill, shi kuwa sai da ya haɗa da yaƙin duniya.

Yanzu mu zo ga gagarumin aikin, wanda dominsa za a riƙa ambaton sunanta a azuzuwan tattalin arziki har illa ma sha Allahu. Gimbiya akanta ce, a kamfanin Shell ta ƙware, kuma lokacin da take ƙaramar ministar ilimi har Shanghai ta je don gano yadda yaran Sin suke fin na Ingila iya lissafi. Wanda ya kai wannan mataki ya wuce a duba masa lissafi. Saboda haka ministan kuɗinta kuma amininta, Kwasi Kwarteng, yana shiga ofis ya sallami Tom Scholar, babban sakataren baitulmali, mutumin da ya ga rikicin bankuna na 2008 da idonsa, don kada ƙwarewarsa ta dagula wa mutane tunani. Akwai kuma wani ofishi, OBR, da doka ta kafa don ya auna kasafin gwamnati ya faɗa wa jama'a ko kuɗin za su kai. Ofishin ya ce a shirye yake. Aka ce ya huta. Ai mai zuwa cin kasuwa da ƙarfin zuciya ba ya tsayawa ƙirga abin da ke aljihunsa.

Ranar 23 ga Satumba Kwarteng ya miƙe a majalisa ya karanta abin da aka kira ƙwarya-ƙwaryar kasafi, don tawali'u. Ragin haraji na fam biliyan 45, wanda ba a ga irinsa ba tun 1972, ba tare da an faɗi inda za a cike giɓin ba. Wannan kuwa ƙari ne a kan alkawarin tallafin wuta da gas na shekara biyu da aka riga aka yi, shi ma da bashi. A lokacin da farashin kaya ke tashi da kusan kashi 10 cikin 100, iyalai na tunanin ko su ci abinci ko su kunna na'urar ɗumama ɗaki, idon tausayin Gimbiya ya faɗa kan waɗanda kowa ya manta da su: masu samun sama da fam 150,000 a shekara, bayin Allah da ake karɓar kashi 45 cikin 100 na abin da ya haura wannan adadi. Ta ce a soke. Ta waiwayi manyan ma'aikatan banki da aka ƙayyade musu garaɓasar ƙarshen shekara, ta ce a cire musu takunkumi. Hikimar ita ce in tulun mai kuɗi ya cika ya tumbatsa, talakan da ke tsugune a gindinsa zai samu ɗigo. Sauran shugabanni kowa talaka yake ambata, don shi ke da yawan ƙuri'a. Sai mai tsarkin niyya ke tsayawa ya share hawayen attajiri.

Kasuwa ta karɓi wannan albishir da irin girmamawar da ta dace. Fam na Ingila, kuɗin da kakanninmu suka san shi da taurin kai, ya durƙusa gaban dala ranar 26 ga wata har ya kusa dala 1.03, inda bai taɓa sauka ba a tarihinsa. Shekara aru-aru fam na girman kai, Gimbiya ta koya masa ladabi cikin kwana uku. Masu ba gwamnati bashi suka tsawwala kuɗin ruwa. Asusun fansho na ƙasar, waɗanda suka jinginar da takardun bashin gwamnati, aka ce su ƙaro jingina tunda darajar takardun ta faɗi. Don su samu abin ƙarowa suka shiga sayar da takardun. Sayarwar ta ƙara karya darajarsu, aka sake cewa su ƙaro. Da ƙyar Babban Bankin Ingila ya tare wannan gangara ranar 28 ga wata, da alkawarin sayen takardun har na fam biliyan 65. Bankuna suka janye ɗaruruwan tsare-tsaren bashin sayen gida cikin kwana guda, magidanci ya kwanta da lissafi ɗaya ya tashi da wani. Faɗa mini wani shugaba da zai yi magana ranar Juma'a, kafin Laraba tsoho mai jiran fansho da saurayi mai neman gida da gwamnan babban banki duk sun ji a jikinsu. Wannan shi ake kira mulki ya kai ga kowa.

A nan dole mu mutanen wannan nahiya mu yi godiya ta musamman. Tun zamanin SAP a 1986 mun saba Asusun Ba da Lamuni na Duniya mu yake yi wa faɗa, a ce mu ɗaure ciki, mu rage kashe kuɗi, mu iya lissafi, Turawa na gefe suna gyaɗa kai. Ranar 27 ga Satumba 2022 Asusun nan ya fito bainar jama'a ya ce wa gwamnatin Birtaniya ta sake tunani, har ya yi mata gargaɗin cewa shirinta zai ƙara tazara tsakanin mai shi da mara shi. Daidaiton da taron ƙasashe ya kasa kawowa cikin shekara sittin, Gimbiya ta kawo shi cikin kwana huɗu, ta zaunar da Landan a kan tabarmar da muka daɗe muna zaune.

Ta yi kwanaki ba a ji ɗuriyarta ba, sannan ta fito ta zagaya ƙananan gidajen rediyon BBC na larduna. Masu tambaya suka tambaye ta bashin gidajen mutane, ta amsa musu da dogon shiru, irin wanda mai sauraro zai ɗauka batir ne ya mutu. Shiru ma magana ce, ga mai hankali. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna jam'iyyar adawa ta Labour ta ba jam'iyyarta tazarar maki 33, wato ta haɗa kan 'yan ƙasa fiye da duk wanda ya gabace ta. Ranar 2 ga Oktoba ta tabbatar a talbijin cewa soke harajin attajirai na nan daram; washegari da safe aka janye shi. Ga tsayuwa a kan magana, ga sauraron jama'a, duka cikin awa 24, ba wanda ya tauye wani.

Amana kuwa sai dai a koya a wurinta. Kwarteng, abokin tafiyarta tun littafin da suka rubuta tare da wasu a 2012 suna kukan lalacin ma'aikatan Birtaniya, yana Washington wurin taron kuɗi aka ce ya hawo jirgi ya dawo. Ya sauka ranar 14 ga Oktoba ta sallame shi, kwanansa 38 a ofis, saboda laifin aiwatar da abin da ta yi yaƙin neman zaɓe a kansa. Ba ta so ya ci gaba da ɗaukar nauyin ra'ayinta shi kaɗai, sai ta sauke masa. Ta kira 'yan jarida ta yi musu bayani cikin kusan minti takwas, ta amsa tambaya huɗu, ta juya. Jeremy Hunt da ta naɗa a madadinsa ya zo ranar 17 ga wata ya warware kusan duk abin da aka saƙa, tana zaune kusa da shi a majalisa tana kallon gabanta, cikin natsuwar mai gidan da ake rushe masa gini yana riƙe wa magina tsani. A ranar ce, da aka neme ta ba a gani ba, ministarta Penny Mordaunt ta tabbatar wa majalisa cewa Firaminista ba ta ɓuya a ƙarƙashin tebur ba. Shugabanni nawa ne a duniya aka taɓa yi musu wannan kyakkyawar shaida a hukumance?

Ranar 19 ga wata ta daki ƙirji a majalisa ta ce ita mayaƙiya ce, ba mai gudu ba. A yinin ministar cikin gida ta tafi. Da dare aka yi wata ƙuri'a kan haƙar iskar gas wadda 'yan jam'iyyarta suka rasa gane ko ta amincewa da gwamnati ce ko a'a, aka ce bulaliyar majalisa ta yi murabus, can kuma aka ce ba ta yi ba. Washegari mayaƙiya ta fito ƙofar gida mai lamba 10 ta sanar da murabus cikin jawabin minti ɗaya da rabi. Ba ta ce za ta yi yaƙi har abada ba. Ta yi na kwana guda cur, kuma ba wanda ya gan ta tana gudu. Da tafiya ta koma ciki.

Mahassada ba su da abin tayarwa sai zancen latas. Wai mujallar Economist ta kwatanta kwanakin ikonta da kwanakin da latas ke yi kafin ya yanƙwane, jaridar Daily Star ta sayo ƙulli guda na pensi 60, ta sa masa gashin kanti, ta kafa masa kyamara a intanet dare da rana don a ga wa zai riga wani faɗuwa, kuma wai latas ya yi nasara har aka ɗora masa kambi. To me latas ɗin ya yi? Zama kawai ya yi a kan tebur. Bai rage harajin kowa ba, bai motsa fam ba, bai kori minista ko ɗaya ba. In zama ne abin yabo, ai dutse ya fi kowa. Abin da ya kamata a gani shi ne tsohuwar ministar abinci ta ɗaga darajar kayan lambun ƙasarta zuwa inda ba a taɓa zato ba, ta cika wa latas alkawarin da ta ɗaukar wa cuku.

Gaskiya ne, a tsakiyar rikicin, harshenta ya zame ta nemi afuwa, ta ce an yi sauri da yawa. Alhamdu lillahi ta warke. A Fabrairun 2023 ta rubuta maƙala mai kalma wajen 4,000 ta bayyana cewa ba a ba ta dama ba, ta nuna masu laifi: baitulmali, babban banki, OBR, da 'yan jam'iyyarta. Ta tsallaka Amurka ta shaida musu cewa wata ɓoyayyiyar gwamnati ce ta kayar da ita. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ita kuwa Allah ya ba ta tudu mai tsawon da take hango na kowa har ƙetaren teku. A 2024 ta fitar da littafi kan yadda za a ceci ƙasashen Yamma cikin shekara goma. Wannan rangwame ne ta yi musu, don an san abin da take iya yi da mako bakwai.

Ba ta manta da masu yi mata hidima ba. Ta ba mutum 11 lambar girma, kusan ɗaya a duk kwana huɗu na mulkinta, uku daga ciki kujerar Majalisar Dattawa ta har mutuwa, za su yi ta yi wa Birtaniya doka shekaru bayan an manta da kasafin da ya kawo su. Ita ma ƙa'ida ta ba ta damar karɓar har fam 115,000 duk shekara don tafiyar da ofishinta, daidai da Tony Blair da ya yi shekara goma yana wahala. Kowane kwana ɗaya da ta yi a kan mulki yana iya haifar sama da fam 2,300 a shekara. A nuna mini wani jari da ya kai wannan albarka, sannan a ce ba ta san tattalin arziki ba. Masu cewa kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba su yi wa kura adalci ba, don ita ma ta samu darasi a kan kuɗin ruwa, kyauta.

A zaɓen Yulin 2024 mutanen South West Norfolk, da suka ba ta rinjayen ƙuri'a sama da 26,000 a 2019, suka ga bai kamata su riƙe irin wannan haske su kaɗai ba, suka sake ta ga duniya da tazarar ƙuri'a 630. Rabon da tsohon Firaminista ya rasa kujerarsa ta majalisa tun Ramsay MacDonald a 1935. Kambi na biyu ke nan, ba ta ko nema ba. A farkon 2025 lauyoyinta suka rubuta wa Firaministan lokacin, Keir Starmer, cewa ya daina faɗin ta durƙusar da tattalin arziki, kuma ina goyon bayansu. Durƙusawa ai gaisuwa ce.

Ranki ya daɗe, na biya abin da na iya. Ganga ta yi sanyi, murya ta dushe, maroƙi kuma ba ya tashi hannu sake a ƙofar mai kyauta. In za a miƙo tukuici, Allah ya ja zamaninki, a taimaka a ba ni da dala.